Yadda Na Kai wa Rabe Dara Har Kumasi

Mutanen masallacinmu na Gobarau sun sa ni gaba. Duk wanda muka gaisa, kafin ya saki hannuna sai ya ce, "Malam Lawal, wai da gaske don dara ka tahi har Kumasi?" Wasu da dariya suke tambaya, wasu da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka ce ya fara taɓuwa. Na ba da labarin a ƙofar shago, na ba da shi wurin suna, na ba da shi gidan surukaina, har na lura duk bayarwa sai wani abu ya ƙaru ko ya ragu. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ina da shago a kan hanyar Ƙofar Guga, kuma na fi shekara ashirin ina sayar da kayan wasan zaune: ludo, diraf, karta, maciji da tsani, da ces ɗin nan da makarantun kuɗi kan saya jefi-jefi. A da, in salla ta matso, kwali-kwali nake ɗauko ludo daga Kano. Har cikin kayan amarya ake sa shi, don in ƙawaye sun zo wuni su sami abin yi. Yanzu ludo ya koma cikin waya. Samarin da ke cika bencina suna ihu a kan diraf sun koma shagunan cacar ƙwallo. Ga kuma masu wa'azi da ke kyarar duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa, iyaye da yawa suka ɗauke ƙafa. Wasu kwalayen da ke kan kantata har launinsu ya koɗe. Babban ɗana Bishir ya daɗe yana cewa mu share shagon mu zuba cajar waya da su kwalliyarta. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, waya ta shigo da lambar waje. Muryar mace ce, Hausarta wata iri.

"Baba Lawal ne? Ni Hajara, ɗiyar Rabe, daga Kumasi."

Sai da na nemi kujera na zauna. Rabe abokina ne tun muna firamare, kuma shi ne gwanin darar Ƙofar Guga a zamaninmu. Akwai wata ceɗiya kusa da ganuwa, a ƙarƙashinta aka haƙa gidajen dara a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida. Ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya ya kakkarya karan dawa, kowa 'ya'ya goma sha biyu. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Shi ke nan dokar, amma mutum zai tsufa bai gama saninta ba. Teloli, malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya da suka taso aiki, duk nan ake haɗuwa har a kira magariba. Rabe in zai cinye ka sai ya fara tambayar lafiyar gidanku. Da ka ji ya ce, "Ina su Inna? Suna lahiya?" to ka san an gama da kai. Daga baya ya bi wani kawunsa fataucin goro, ya yi aure a Kumasi, ya zauna. Rabonmu da juna ya haura shekara talatin.

Hajara ta ce hawan jini ya buge shi, ɓarin damansa ya shanye, magana ma da ƙyar. "Ba ya son abinci, ba ya son baƙi. Amma kullum yana ja wa katifa layi da yatsa, yana kiran sunanka. Mama ya ce in neme ka."

Da na koma gida na gaya wa mai ɗakina Hajiya Binta, ina kawo uzurin shago. Ta dube ni ta ce, "Shagon da ƙuda ma ya daina zuwa, mi za ka yi asara in ka rufe shi? Tashi ka je ka ga ɗan'uwanka." Bishir kuma ya ce ya gani a waya wai a Gana har gidajen wasa ake buɗewa, mutane na biya su zauna su buga. "Baba, ka duba da idonka. In akwai sauran rai a sana'ar nan mu riƙe ta, in babu ka bar mini shagon." Na ce na yarda. Hajiya ta haɗa mini tsarabar Rabe: kilishi, dabino, kuka da daddawa. Ni kuma na cusa ludo ɗaya a jaka, ban ma san dalili ba, sabo ne kawai.

A babbar motar Legas Allah ya haɗa ni kujera da wani Banufe mai sayar da kayan tagulla, sunansa Ndagi. Ina buɗe baki na yi sallama ya tafa hannu. "Bakatsine! Allah na gode maka, ka ba ni bawa mai ɗaukar mini jaka." Na ce masa ya bari mu isa bakin ruwa in mayar da shi gidansu. Haka muka yi ta yi, kun dai san tsakaninmu da Nufawa. Abin da ya dame ni da shi ɗaya ne: tun daga Funtuwa kansa na kan waya, yana buga ludo shi da na'ura. Na gaji na ce, "Ndagi, in ka ci, wa kake yi wa dariya?"

Ya ce, "Ba kowa. Amma in ta cinye ni ba ta gaya wa kowa. Shi ya sa na fi son ta da ku."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, don kuwa ita ce ta kashe mini kasuwa.

Bayan mun wuce Lokoja taya ta fashe, kuma safayar ma aka tarar ba iska. Aka sauke mu gindin wani mangwaro, rana ta take, wayoyin mutane suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har da ta Ndagi. Da zaman ya ishe ni na ciro ludon nan na shimfiɗa a kan akwati. Kafin in gama jera 'ya'yan, wata Inyamura mai jiki ta zauna ta ce ita ja take so. Wani soja da ke tafiya hutu ya ɗauki kore. Ndagi ya matso yana cewa shi kallo kawai zai yi, sai ga shi ya riƙe shuɗi. Wallahi ihun da aka yi a gindin mangwaron nan na daɗe ban ji irinsa ba. Matar nan ta kashe wa soja ɗa yana dab da shiga gida, ta miƙe tana rawa, shi kuma yana rantsuwa ƙwayar ce aka yi wa asiri. Da direba ya ce a shiga mota an gyara, sai da fasinjoji suka ce ya jira a ƙare. Matar ta naɗe ludon ta ce sai na sayar mata, 'ya'yanta za ta kai wa. Cinikin farko ke nan da na yi a watan, kuma a dajin Lokoja.

A Legas muka rabu da Ndagi, yana cewa ya 'yanta ni saboda Allah. Na sauka Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da hula, na huta, na kama ƙaramar mota mai zuwa Gana.

A iyakar Seme aka ce kowa ya fito da katin allurarsa, ɗorawan nan. Na san na yi allurar, na san katin na jaka, amma a ina? Na zazzage kaya a kan tebur gaban jama'a. Ashe Hajiya don kada ya ɓata ta cusa shi can ƙasa, ƙarƙashin ƙullin daddawa. Na ciro shi ya jiƙe da wari. Jami'ar da ke dubawa ta karɓa da yatsa biyu, ta kai hanci, sai ta fashe da dariya ta kira abokiyar aikinta. Ashe su ma suna da irinta, wani suna suke kiranta. Ta buga mini hatimi tana cewa matata ta iya zaɓe. Mutanen motarmu kuwa har muka isa Gana tagogi a buɗe suke.

A Kwatano ban ga komai ba sai babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗorawa, kamar an zubo su daga buhu ɗaya, ga mata da zannuwansu suna tuƙa nasu ba ruwansu da kowa. Muka sayi dogon burodin nan irin na Maraɗi. Teku na hannun hagu muna tafe, har Lome, inda iyakar take cikin gari, kana sauka daga mota ka taka da ƙafa ka shiga wata ƙasa. Kuɗin aljihuna suka canza kama sau biyu, har na daina gane ko tsada ake mini ko araha.

A Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ƙanin mijin Hajara ne ya tare ni, wani mai fara'a sunansa Muntari. Ya sauke ni ɗakinsa a Nima, unguwar da in ka rufe ido ka ce Sabon Garin wani birnin Hausa kake, sai dai Hausar tasu ba ta bambanta mace da namiji. Muntari ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa, in ya dawo zai dafa maka." Na shiga tunanin wane irin gida na sauka. Da matar ta dawo na gan ta mace sosai, har da goyo, hankalina ya kwanta.

Abincin da ta kawo suka ce sunansa wace. Na duba, shinkafa da wake ne, an dafa da karan dafi ya yi ja, an zuba masa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji. Na ce, "Ai waken namu ne kuka tauna sunan." Na ci na ƙara. Dokunu ne ya gagare ni, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, ana ci da kifi da ɗanyen barkono. Na yi loma ɗaya don kunya, na ce likita ya hana ni. Da safe kuwa koko da ƙosai ne kamar a gida, sai dai cittar da ke ciki za ta iya tada wanda ya suma.

Na gaya wa Muntari saƙon Bishir, ya kai ni gidan wasan da ake magana. Wani bene ne a unguwar masu hali. Ina shiga na tsaya. Bango guda tun daga ƙasa har sama kwalaye ne, kowane da irin wasansa, wani na gina gari, wani na kasuwanci, wani na yaƙi, ban taɓa ganin ko ɗaya ba, ni da nake ce wa kaina ɗan sana'a. Samari da 'yan mata sun zagaye tebura suna dariya. A bakin ƙofa akwai kwando, wanda ya ga dama ya jefa wayarsa ciki kafin ya zauna.

Mai wurin wata matashiya ce, Afuwa. Da Muntari ya gaya mata sana'ata ta ja mini kujera ta zauna, muka yi ta fama da Turancina na sakandare. Ta ce masu zuwa wurinta yawanci ma'aikata ne da suka wuni suna kallon kwamfuta, sun gaji da gilashi, suna son ganin fuskar mutum. Ta ce a ƙasashen Turai abin har ya fi da ƙarfi, kullum sababbi ake fitarwa. Amma nata ciwon kan shi ne duk daga waje take sayo su, kuɗin waje na hawa, kuɗin jirgi na hawa, kuma in ɗa ɗaya ya ɓata a kwali, wasan ya mutu. Ta nuna mini nasu na gida, owari, katako mai ramuka goma sha biyu da ake zagayawa da ƙwaya. Sannan ta ce, "Ku a garinku me kuke da shi?"

Na gyara zama na kwatanta mata dara. Ta saurara da kyau, ta yi tambayoyin da suka nuna ta gane. Ta ce in mutum ya jera huɗu fa? Na ce a wurinmu huɗu ba ta ci, ko da yake na taɓa ganin inda ake yarda da ita. Ta ce a ina za ta sayi allon? Na ce ba a sayarwa, ƙasa ake haƙawa.

Ta ce, "Baba, kai mai sayar da wasa ne, amma naku ba ka taɓa sayarwa ba?"

 Shekara ashirin ina tallar wasan Indiya da na Turawa, wanda na fi so a duniya ko sau ɗaya bai hau kantata ba. Dara kyauta ce, ƙasa da tsakuwa, shi ya sa ba ta da ɗan kasuwar da zai tsaya mata. Ga shi ƙasar ma yanzu duk an bi ta da siminti. Muka fito daga benen nan. A bakin titi muka wuce wasu dattawa gindin bishiya suna diraf, suna buga 'ya'yan da ƙarfi kamar za su fasa allon, wanda aka cinye ya tashi wani ya zauna. Na tsaya na kalle su fiye da yadda ya kamata, har Muntari ya ja hannuna.

Ranar Asabar na shiga Kumasi, kuma nan na yi babbar kwaɓa. Kusa da tasha na ga an kafa rumfuna, ana kiɗa, mata da maza cikin jajaye da baƙaƙen zannuwa suna rawa, ana rabon lemo. Wani dattijo ya miƙo mini hannu, na riƙe da hannu biyu na ce masa ina taya su murna, Allah ya ba da zaman lafiya. Hajara da ta zo tarbata ta jawo ni gefe da sauri. "Baba, mamansa ne ya mutu!" Ashe haka Asantawa ke jana'iza. Na tuna tamu, da ake sallatar mutum a binne shi kafin na nesa su ji labari. Dattijon dai bai ji haushi ba, har lemo ya sa aka ba ni.

Hajara ma'aikaciyar jinya ce, doguwa, da goshin ubanta sak. Ta kai ni gidansu a zango, unguwar Hausawa, gidan haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Uwarta Hajiya Adiza, mai sayar da wace a ƙofar gida, ta rungume tsarabar tana ta godiya. Sannan aka ɗaga labule.

Na san zan ga tsoho, amma ban shirya ba. Rabe da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, ga shi a kan katifa kamar an wanke tsumma an shanya. Na durƙusa na kama hannunsa na hagu. Ya daɗe yana kallona, bakinsa na motsi. Da ƙyar maganar ta fito.

"Lawal... ka tsuhwa."

Na ce, "Kai kuma ka ƙara ƙuruciya." Sai hawaye, ni da shi. Shekara talatin a Kumasi ba su taɓa harshensa ba, Katsinancinsa na nan yadda ya tafi da shi.

Da muka natsu ya fara tambaya, suna ɗaya ɗaya, yana hutawa tsakani. Mamman tela? Na ce ya rasu. Malam Sada na sakatariya? Ya rasu. Iro mai gardama? Yana nan, amma idanu sun tafi. Dikko? Ya rasu a hanyar Makka. Duk wanda na ce ya rasu sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya rufe ido kaɗan.

"Ceɗiya hwa?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce an sare ta da aka faɗaɗa hanya.

"Gidajen?"

"Kwalta ta hau kansu, Rabe."

Ya juya fuska bango. Hajara ta kawo masa kunu ya ture. Na fita tsakar gida ina neman inda zan haƙa, ko'ina siminti, har bakin rariya. Ina tsaye ina jin haushin kaina da ban sa kafinta ya yi mini allo ba tun daga gida, sai idona ya faɗa kan kiret ɗin ƙwai na Hajiya Adiza, na kwali, an jingine shi jikin murhu ba komai ciki. Na ɗauka na ƙirga. Layi biyar, kowane gida shida. Na sake ƙirgawa don kada zumuɗi ya ruɗe ni. Haka ne.

Hajara ta tsinto marafan kwalba goma sha biyu. Saura na ɗaya ɓangaren. Na ce a buɗe dabinon tsaraba, kowa ya ci ya ba ni ƙwallon. Muka shiga ɗaki da kiret, na aje shi a kan katifa. Rabe ya juyo. Ya kalli kiret, ya kalle ni. Ya sa yatsa ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki dabino ya kai baki da kansa. Hajiya Adiza da ke bakin ƙofa ta toshe bakinta da mayafi.

Muka zuba. Hannunsa na rawa, wani lokaci ƙwallon ya faɗa gidan da ba shi yake nufi ba, in gyara masa. Tausayi ya kama ni. Na ga inda zan jera uku na kau da kai, na tura wani ɗan daban. Na sake gani na sake barin. Ya ci ɗaya, ya ci biyu. A na uku bai ɗauka ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya sa hannun hagun nan ya kife kiret ɗin, marafai suka watse har ƙarƙashin gado.

"Ni... ba gawa ba ne."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ce, "To zuba, ka ga aiki." A karo na biyu ban raga masa ba ko kaɗan, na cinye shi tas. Rabe ya yi dariya da rabin baki har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Sake." A na uku muna tsaka da wasa, ina ganin ni ke da rinjaye, sai na ji ya ce a hankali, "Lawal... ina su Hajiya? Suna lahiya?" Na duba kiret da kyau. An gama da ni tun tuni ban sani ba.

Daga ranar kullum bayan azahar sai a fito da shi tsakar gida a jingina shi da matashi. Ya cinye kilishin nan kusan shi kaɗai, Hajara na faɗan gishiri yana yi kamar bai ji ba. Maƙwabta masu diraf suka fara leƙowa, da farko suna dariyar tsofaffi biyu da kwalin ƙwai, daga baya suka fara ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wanda kuwa duk ɗan dara ya san ita ce alamar mutum ya kamu. Wani direba mai suna Isaka ya fi kowa naci. Ita ma Hajara in ta dawo aiki sai ta zauna da kayan asibitinta a jiki, uban na koya mata da yatsa. Ta ce mini, "Tun ina yaro yake cewa shi sarki ne a wani wasa. Mun ɗauka cika baki ne."

Kafin in taho Isaka ya kai ni wani ƙauyen masassaƙa a bayan gari, inda ake yin allunan owari masu naɗewa kamar akwati, da ƙugiya da komai. Wani masassaƙi ya ce yawancin masu saye baƙi ne, kuma ya san rabinsu ado za su yi da shi a falo, ba bugawa ba. "Amma in yana falo," in ji shi, "wata rana jika zai tambaya mene ne wannan." Na sayi ɗaya don in nuna wa kafintanmu yadda ake haɗa shi.

Ranar da zan tafi, da hantsi, na zauna gefen katifar. Ni da shi mun san abin da ba mu faɗa ba. Na ce, "Rabe, mu yafi juna."

Ya riƙe hannuna gam. "Na yahe maka komi," ya huta, "ban da wasan hwarko."

Dawowa ba abin da ya faru da ya isa faɗi, ban da katin allura da na rataya a wuya kamar laya. Na zaunar da Bishir na gaya masa abin da na gani ba ƙari. Ban ga alamar ludo zai koma yadda yake a da ba, kuma irin benen Afuwa sai garin da ma'aikata ke da rarar kuɗi. Amma na ga mutane a dajin Lokoja, na ga na zangon Kumasi, ba wasan suka ƙi ba, wurin zama da abokin zama suka rasa. Muka raba shagon biyu. Ya zuba cajarsa a dama, kuma gaskiya ita ke ciyar da mu. Ni na riƙe hagu. Kafinta ya yi mini allunan dara masu naɗewa, na sayar da kaɗan, yawanci ga 'yan boko masu son kai wa 'ya'yansu Abuja. A ƙofar shago kuma na aje benci da kiret ɗin ƙwai, wannan kyauta ne. Wasu dattawa sun fara zama. Samari kan tsaya da waya a hannu su kalla, wani ya wuce, wani ya daɗe. Ko za ta kama, Allah ne masani.

Makon jiya ina shago waya ta shigo, lambar Hajara. Gabana ya faɗi, na yi salati kafin in ɗauka. Sai na ji hayaniya a bayanta kamar kasuwa.

"Baba Lawal, ka raba mana gardama. Baba ya jera huɗu, ya ce ya ci. Isaka ya ce kai ka ce huɗu ba ya ci."

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce, "Gaya masa huɗu ba ta ci. Shi da bakinsa ya sha korar mutane a kan haka."

Ta maimaita musu. Aka yi ihu. Can daga nesa na jiyo muryarsa, da ƙarfin da ban bar shi da shi ba, kalma na bin kalma ba hutawa: "Ƙarya yake! Lawal bai taɓa iya dara ba! Tun muna yara ni ke cinye shi!"

Bishir na ta yi mini alama ga mai saye yana jira. Na ɗaga masa hannu ya dakata, na share idona da hannun riga, na ce, "Hajara, matsa masa da wayar kusa. Bar shi ya zage ni da kyau."